An Ce In Yi Wa Jikata Shiru

Litinin, 4 ga wata, 9:15 na safe

A asibiti aka ce a sayi littafi a riƙa rubuta duk kalmar da Takwara ta faɗa, da ranar, da lokacin. Na sayo mai bango mai kauri, na ja layi da rula, na raba kowane shafi gida uku. Yau kwana uku ke nan takardar fara fat. Tunda ita ta ƙi cika shi, ni zan cika, ba zan bar littafi ya lalace a banza ba.

Takwara jikata ce, ɗiyar ƴata Auta. Saura wata biyu ta cika shekara uku. Sunana aka sa mata, amma ban ga abin da ta ɗauko nawa ba. Ni a shekarunta an ce har baƙi nake tarewa da hira. Ita kuwa dama kalmominta ba su wuce ashirin ba: ruwa, Baba, mota, a'a. A'a ɗin ta fi ƙwarewa a kai. Tun ranar Laraba ko waɗannan ta daina.

Uwarta tana asibiti. Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Laraba ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ni ce shugabar makaranta. Yara nawa suka shigo hannuna baki a ɗaure suka fita suna karanta jarida? Wannan ma za ta yi magana. Sati biyu na ba ta.

Litinin, 1:30 na rana

Na zaunar da ita a kujera, na ɗauko cokali. "Menene wannan? Co-ka-li. Ce cokali." Ta kalli cokalin, ta kalli bango. Minti arba'in muna haka. Daga ƙarshe ta yi fitsari a kujerar.

Talata, 5 ga wata, 6:50 na yamma

Injiniya, mijin Auta, ya dawo daga asibiti. Ya rusuna ya gaishe ni kamar kullum, kai a ƙasa. Ladabin nan nasa shi ya fi ci mini rai, don ba ya barin inda za a kama shi.

Na ce, "Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi, Mama."

"Ta ci abinci?"

"Ta ɗan taɓa."

"Ta tambaye ni?"

Ya ce likita ya ce hutu take bukata. Ba abin da na tambaya ke nan ba.

Ya kwashe duk magungunan gidan ya kulle a motarsa, har da na gwiwata. Yanzu kullum da safe sai na jira surukina ya ƙirgo mini ƙwaya biyu a tafin hannu. Wata huɗu ke nan da na zo gidan nan don a duba mini gwiwar, aka ajiye ni a hawa na uku, matakala hamsin da biyu. Ban taɓa yin ƙorafi ba sai in an tambaye ni.

Ƙofar banɗaki har yanzu a jingine take da bango. Na ce a kira kafinta. Ya ce to.

Alhamis, 7 ga wata, 2:00 na rana

An kai mu wurin malamar koyon magana. Yarinya ce ƙarama mai ƙaton gilashi, wadda da a ce a makarantata ta yi, da ban ba ta ko riƙon alli ba. Ɗakin babu kujerar kirki, sai tabarma da ƴan kujeru kamar na ƴan tsana. Ta ce in zauna a ƙasa. Da wannan gwiwar.

Ta zube kayan wasa, ta jingina wayarta a kan tebur don ta ɗauke mu bidiyo, ta ce, "Mama, ki yi wasa da ita yadda kika saba, minti biyar kawai."

Na yi. Na yi da kyau kuwa. Na nuna mata ƙwallo, na nuna mata launi, na ƙirga mata tubala har goma.

Sai Mai Gilashi ta kunna mana hoton. Ban san muryata haka take da kauri ba, laifin wayar ne. Tana kallo tana ja da biro a takarda. Da ya ƙare ta ce, "Kin yi magana sau saba'in da huɗu. Arba'in da ɗaya tambaya ce. Duka ke kika amsa."

Na ce, "To in ba ta amsa ba, sai a bar tambaya a tsaye?"

Ta mayar da hoton baya ta tsayar. "Kalli nan. Ta ɗauki motar, ta ɗago kai, ta buɗe baki. Sai kika ce, ajiye wannan, kalli ƙwallo. Ga wani wurin kuma. Sau biyu ta zo za ta yi magana."

Ni ban ga ta buɗe baki ba. Hamma ce.

Ta ce hira ta mutum biyu ce, ko da ɗayan bai da kalmomi. In yaro ya nuna da yatsa, ko ya kalle ka, ko ya miƙo abu, ya faɗi nasa ke nan, saura naka. Ta ce in daina tambaya, in bi abin da Takwara take kallo, in faɗi kalma ɗaya ko biyu a kai, sannan in yi shiru in ƙirga goma a zuciyata.

Na ce, "Ƴar nan, kin taɓa haihuwa?"

Ta ce, "Biyu, Mama."

Allah ya ji ƙan yaran.

Juma'a, 8 ga wata, 8:00 na safe

In ƙirga goma. Ni da na koya wa gari guda ƙirga.

Asabar, 9 ga wata, 11:20 na safe

Na gwada, don kada a ce ban gwada ba. Tana jan murfin tukunya a ƙasa, na ce, "Murfi." Na fara ƙirga. A huɗu na ga za ta sa shi a baki, na ce ta ajiye, ƙazanta ce, kuma ba a wasa da kayan girki, kuma ta tashi daga ƙasa. To me ake so in yi, in bar ta ta lashe dattin gidan nan saboda ilimin zamani?

Babu kalma. Na rubuta: babu.

Lahadi, 10 ga wata, 5:10 na yamma

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

A ƙasan benen nan akwai wata mai ɗinki, shagonta ɗan ƙarami a gindin matakala. Mace ce mai jiki, kullum tsinken allura a bakinta, tef ɗin awo a wuya. Injiniya ya saba barin Takwara a wurinta in zai ɗauko abu a mota. Yau na sauko neman yarinyar, na tsaya a matakala ta ƙarshe ina hutar da gwiwa, sai na ji murya.

"Babba."

Mai Ɗinki ta ce, "Uhm. Babba."

Shiru. Keken ɗinki ya yi ƙara ya tsaya.

"Ƙayami."

"Ƙarami kuwa. Ɗan mitsitsi."

"Ya faɗi!"

Na leƙa. Takwara ce a ƙarƙashin tebur da gwangwanin maɓallai, tana jera su a ƙasa. Ya faɗi. Kalma biyu a haɗe, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba. Na shiga da murnata na ce, "Takwara! Sake faɗa! Me ya faɗi? Faɗa wa Kaka!" Ta tattara maɓallan ta juya mini ƙeya.

Na ɗauke ta muka hau sama, tana ta shure-shure. Ban rubuta kalmomin a gidan kalmomi ba. Ba ni aka faɗa wa ba.

Talata, 12 ga wata, 12:40 na rana

Na sauka na sami Mai Ɗinki. Na ce mata daga yau ba na son a riƙa ajiye mini jika a cikin allurai da almakashi. Na ce kuma ƙayami ba kalma ba ce, in yaro ya yi kuskure gyara masa ake yi, a sa shi ya maimaita har ya iya.

Ta ciro alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a ƙyalle, ba gaggawa. Ta ce, "Malama, ni ba koya mata nake yi ba. Ina ni ina koyarwa? Bakina a cike yake. Ita ke ta abinta, ni dai in ce uhm."

Na ce shi ya sa.

Ta ce, "Uwarta ma a nan take zama, in ta dawo daga aiki. Can kan buhun ƙyallayen nan. Wani lokacin har awa ɗaya kafin ta hau."

Awa ɗaya. Ni ina sama ina jiran ta da abinci yana hucewa, tana ce mini cunkoson motoci ne.

Na ce, "Me take ce miki?"

Ta mayar da allura baki.

Matar nan ko rigar da ta ɗinka wa Auta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na faɗa tun a lokacin.

Laraba, 13 ga wata, 3:00 na rana

Laraba. Kafinta bai zo ba.

Alhamis, 14 ga wata, 4:30 na yamma

Na ce ba za ni wurin Mai Gilashi ba, Injiniya ya kai yarinyar da kansa. Suna fita na ɗauki tasi na tafi asibitin da Auta take. Na sayi ayaba da lemo, na hau har sashen nasu, inda ake kulle ƙofa da maɓalli.

Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta tambayi sunana, ta duba wata takarda, ta sake dubawa. Ta ce, "Mama, babu sunanki a nan."

Na ce ni na haife ta.

Ta ce ta gane, amma mara lafiyar ce da kanta take zaɓen waɗanda za su shigo.

Na ce mutum nawa ne a takardar? Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Amma na iya karatu daga kife, shekara talatin ina yi a kan teburin yara. Suna biyu ne. Na farko mijinta. Na biyun sunan mace ne, kuma na san shi, a rubuce yake a allon shagon da ke gindin matakalarmu.

Na bar musu ayabar. Wataƙila nas-nas ɗin ne suka cinye.

Juma'a, 15 ga wata, 10:00 na safe

Auta dama haka take tun tana ƙarama. Ka tambaye ta me ke damunta, ta tsaya tana murza bakin riga har ka gaji ka faɗa mata da kanka. Yayyenta maza ba haka suke ba, su in ka yi ɗaya za su yi biyu, shi ya sa suka tafi nesa suka yi arziki. Ita ni na zaɓa mata makaranta, ni na cika mata takardar neman aiki, ni na yi wa likita bayani lokacin da take da cikin Takwara. Duk wanda ya ce ban yi mata ba, Allah ya isa.

Da ta ce tana so ta faɗi wani abu, wa ya hana ta?

Litinin, 18 ga wata, 6:15 na yamma

Sati biyun da na ba ta sun cika.

Ɗazu ina ba ta shayi da burodi, ina gaya mata sunan komai, kofi, faranti, sukari, sai ta miƙe a kan kujera ta ɗora tafin hannunta a bakina. Ta danna. Hannun duk danƙon shayi.

Na buge hannun. Ba da ƙarfi ba. Ba ta ma yi kuka ba, ta dai sauka ta shige bayan labule.

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu. Ban san tun yaushe ba.

Talata, 19 ga wata, 7:30 na safe

Ya ba ni ƙwayoyina biyu, bai tafi ba. Ya zauna a hannun kujera ya ce, "Mama, akwai maganar da nake so mu yi."

Na ce in maganar jiya ce, yaron da ba a kwaɓa ba...

"Mama."

Na ce ni na raini huɗu, kuma babu wanda...

"Mama, don Allah ku bari in kai ƙarshe."

Shekara biyar yana auren ɗiyata, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yau ma bai ɗaga ba. Sai dai bai sunkuyar da kai ba.

Ya ce yayarsa za ta zo ƙarshen wata ta riƙe Takwara. Ya ce likitan Auta ya ce za a iya sallamar ta nan da sati uku, amma sai gidan ya zama inda za ta iya numfashi. Ya ce na yi ƙoƙari, gwiwar ma ta yi sauƙi, ya kamata in je gida in huta.

Na ce, "Ita ta ce a kore ni?"

Ya ce, "Ba wanda ya ce kora."

Na ce ita ta ce?

Ya kalli agogo ya ce zai makara.

Talata, 2:00 na rana

Yayar tasa da ko sakandare ba ta gama ba.

Alhamis, 21 ga wata, 3:45 na rana

Na je wurin Mai Gilashi, don in gaya mata abin da shawararta ta jawo mini. Na tsara maganata tun a mota. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, abin da ya ƙara ba ni haushi, don na san dabara ce, a kaina take gwada aikinta.

Sannan ta ce in zauna a gefe in kalla. Ta kwanta rub da ciki a tabarma, babbar mace da digiri, ta sa haɓa a hannu. Takwara tana juya wani ɗan kofin roba. Na duba agogo: minti uku babu wanda ya ce uffan. Har na fara tattara jakata. Sai Takwara ta miƙa mata kofin. Ta karɓa ta yi kamar ta kurɓa, ta ce, "Shayi." Ta mayar mata. Shiru. Takwara ta hura kofin, ta ce, "Zafi."

"Shayi da zafi," in ji Mai Gilashi, ta hura ita ma.

Takwara ta yi dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin waccan Larabar.

Da za mu fita ta ce mini, "Mama, ba cewa na yi ki zama kurma ba. Kalmomin a wurinki suke, tana bukatar su. Amma ki bar ta ta zaɓi abin da za a yi magana a kai. In ta ba ki, ki karɓa, ki ɗan ƙara kaɗan, ki mayar mata."

Na ce a aji in ka bar yara su zaɓa, ba a kai ko shafi na biyu.

Ta ce, "Gida ba aji ba ne."

Na ce na gode da wannan babban ilimi.

Asabar, 23 ga wata, 1:00 na rana

Injiniya ya tafi asibiti. Na ce bari in yi abin nan sau ɗaya yadda aka ce, daga farko har ƙarshe, in rubuta sakamakon, in kai wa Mai Gilashi ta gani da idonta cewa a gida ba ya aiki.

Na sauka ƙasa a kan darduma, gwiwar tana ƙara. Na haɗe baki. Takwara tana da ƴar tsana mai gashin zare, da wani tsohon beyar, dabbar wasa ta auduga mai ido ɗaya. Ta kalle ni ta gefen ido, tana jira in fara. Ban fara ba. Na ƙirga goma. Na ƙirga wata goman. Haƙorana har ciwo suke yi.

Ta zaunar da ƴar tsanar a kan akwatin takalmi. Ta ɗauki beyar ɗin ta tsayar da shi a gabanta, ta riƙa girgiza shi. Sai ta kumbura murya, ta yi wani irin gurnani mai tsawo, ba kalmomi a ciki, sai hawa da sauka. Na ɗauka kukan beyar take kwaikwaya.

Ta ɗaga hannun ƴar tsanar, ta ce a hankali, "Mama..."

Beyar ya yi tsalle. "Ban gama ba!"

Tsaf ta faɗe shi. Babu harafin da ya ɓace. Kalma uku.

Ta sake ɗaga hannun ƴar tsanar. "Mama..."

"Ban gama ba!"

Sau huɗu ta yi. Daga nan ta ɗauki ƴar tsanar ta sa a cikin akwatin, ta rufe murfin, ta zauna a kai. Ta juyo ta kalle ni. Kallon da Mai Gilashi ta ce in an yi maka, saura naka.

Ban sami kalma ko ɗaya ba. Ni.

Can na ce, "Ta rufe ƙofa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Baba bum."

Na ce, "Baba ya fasa ƙofar."

Ta sauka daga kan akwatin, ta buɗe, ta ciro ƴar tsanar ta ɗora mini a cinya. Ta koma wasanta da murfin tukunya.

Na rubuta su a gidan kalmomi, da rana da lokaci, yadda aka ce.

Lahadi, 24 ga wata, 11:00 na safe

Waccan Larabar Auta ta dawo daga aiki da rana, ta ce kanta ke ciwo. Na ce kullum kai. Na ce yarinya ta kusa shekara uku ba ta haɗa kalma biyu, kuma ba mamaki, tunda uwarta ma a gida kamar gunki take. Na faɗi wasu abubuwan, a kan aikinta, a kan jikinta, a kan yadda take riƙe mijinta. Ta ce, "Mama, ni fa na daɗe ina..." Na ce abin da beyar ya ce.

Ta tsaya har na gama. Kullum tana tsayawa har in gama. Sannan ta shiga banɗaki.

Takwara tana ƙarƙashin teburin cin abinci. Na ɗauka barci take yi a ɗaki.

Sauran Injiniya ya sani, likita ya sani. Ba sai littafi ya sani ba.

Litinin, 25 ga wata, 9:00 na safe

Na daɗe ina me? Abin da nake ta juyawa ke nan.

Laraba, 27 ga wata, 5:30 na yamma

Na sauka da Takwara shagon Mai Ɗinki, don maɓallin rigata ya cire, ba don komai ba. Ta ba ni kujera. Shagon zafi, ga warin man keke. Yarinyar ta shige ƙarƙashin tebur kamar gidan ubanta.

Na zauna rabin awa. Ta kawo mini maɓalli shuɗi ta ce, "Naki." Na ce, "Nawa. Shuɗi." Na so in ce ta maimaita shuɗi. Na cije leɓe. Ta kawo wani ta ce, "Nawa." Muka yi ta yi har gwangwanin ya ƙare. Ita ta sami manyan duka.

Na ga kumatun Mai Ɗinki suna motsi a bayan alluran. In dariya take yi mini, Allah ya sa ta haɗiye ɗaya.

Ban tambaye ta abin da Auta ke faɗa mata ba. Maɓallin kuma a karkace ta ɗinka shi.

Juma'a, 29 ga wata, 6:00 na yamma

An bar Auta ta yi waya. Injiniya ya kira daga asibiti ya ce za ta gaisa da yarinyar. Ni na ɗauka, don ni ce a gida. Ina jin numfashinta na fara: yaya jikin, suna ba ki abinci, kin ga ayabar, me ya sa...

Takwara ta kama wayar da hannu biyu ta ce, "Ni."

Na sakar mata.

Ta tafi da ita bayan labule. Minti goma sha biyu. Rabin lokacin ba wanda ke magana a cikinsu. Na ji "mota", na ji "Kaka ƙasa", na ji wata doguwar magana da ko ni ban gane ba, uwar tana cewa uhm. Sannan ta fito ta tura mini wayar a ciki ta ce, "Ke."

Na kara a kunne. Duk abin da na tara na wata guda yana bakina. Na ce, "Ina jin ki."

Shiru ya yi tsawo har na duba ko layin ya yanke. Na wuce goma, na wuce talatin, na daina ƙirgawa.

Ta ce, "Mama, kada ki ce komai tukuna."

Na ce to.

Ta yi magana. Tana tsayawa tana ci gaba. Sau uku na buɗe baki, don akwai wuraren da ba haka aka yi ba, kuma har gobe ina cewa ba haka aka yi ba. Ban ce ba. Ba duka ne a kaina ba, akwai abubuwan da ban taɓa sani ba, tun na shekarun baya. Ba zan rubuta su ba, nata ne.

A ƙarshe ta ce, "Ina so ki je gida, Mama. Zan kira ki. Ni zan kira."

Na ce to. Sau biyu ke nan a rana ɗaya.

Asabar, 30 ga wata, 4:00 na yamma

Gwaggon yarinyar ta iso da jakunkuna uku kamar wadda za ta shekara. Tana shigowa ta canza wa tukwane wuri. Surutu gare ta kamar rediyo, ta cika Takwara da wa ya saya miki wannan, ina Babanki, ba ki gane ni ba? Na ja ta gefe na ce ta rage tambaya, ta riƙa jira, yarinyar tana da abin faɗa in an ba ta fili.

Ta ce, "Ikon Allah, Malama, a ina kika koyo wannan?"

Na ce shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa.

Litinin, 2 ga sabon wata, 1:20 na rana, a mota

Motar ƙarfe tara na yi niyyar shiga. Takwas da rabi mai tasi ya iso, Injiniya ya sauka da ƙaramar jakata, ya dawo zai ɗauki akwati. Sai ya tarar Takwara ta hau kai ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

Na zauna a bakin gado don in sa takalmi. Ta dafa gwiwata ta fara ba ni labari.

Ban san na menene ba. Akwai kare a ciki, akwai ruwa, akwai wani abu da ya tafi sama, don ta ɗaga hannu har ta kusa faɗowa. Tana yi tana zare ido, ta tsaya ta kalle ni, in ce, "Kare?" ta ce a'a, ta koma farko. Mai tasi ya yi ta danna oda a ƙasa. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke, sauka, Kaka za ta makara." Injiniya ya miƙa hannu zai ɗaga ta.

Na ce, "Ku ƙyale ta. Magana take yi."

Ya janye hannun. Mai tasi ya gaji ya sauke jakata a bakin shagon Mai Ɗinki ya tafi abinsa, ɗan rainin wayo. Labarin ya ƙare tara da minti biyar. Na san ya ƙare ne don ta tafa hannu ta sauka da kanta ta tafi neman burodi, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta sha ɗaya na shiga. Kujerar baya ce ta rage, a kan taya, gwiwata a manne da buhun wani. Awa shida ce tafiyar. Har yanzu ban gano abin da ya sami karen ba.